Karatun kimiyya a jami'a: fanni da yawa, digiri guda

Kowace shekara yaran Ƙonni da Malbaza da Illela suna cin jarrabawar bak. Wasu su tafi jami'a karatun kimiyya. In sun zo hutu, uwaye su tambaya: "To, mi kake karantawa?" Yaro ya ce lissafi da fizik da shimi. Uba ya yi shiru. Shi dai ya saida awaki ya yi ma yaro guzuri, yana jiran ya ji sunan aiki guda. Sai ya zaci ɗansa ya rasa alƙibla ne. Yaron kuwa bisa hanya yake, haka tsarin karatun yake farawa.

Yadda karatun yake tafiya

Digirin farko na jami'a sunansa lisans. Shekara 3 ake yi. An raba kowace shekara zango biyu, ke nan zango 6. Kowane darasi yana da nasa maki da ake kira kiredi. Zango guda kiredi 30 ne, lisans duka kiredi 180. Darasin da ɗalibi ya ci, ya ci ke nan, an aje mashi kamar hatsi a rumbu. In ya faɗi wani, wannan ne zai sake. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA sun amince da wannan tsari a 2007. Bayan lisans akwai masta, shekara 2, sannan doktora.

A shekarar farko ba a tsare ɗalibi cikin fanni guda. Akwai manyan ƙofofi biyu. Ta farko ta haɗa lissafi da fizik da shimi. Fizik shi ne ilimin zafi da haske da lantarki da motsin abubuwa. Shimi kuma ilimin abin da ke cikin abubuwa da yadda suke haɗuwa, kamar taki da sabulu da magani. Ƙofa ta biyu ta haɗa ilimin masu rai, wato tsiro da dabba da ƙwari, da ilimin ƙasa da duwatsu. Nan ma ana yin shimi da lissafi. Sannu sannu hanya take tsukewa, har ɗalibi ya tsaya kan fannin da ya fi iyawa.

Mi ya sa ake haɗa su?

Amsa tana nan Malbaza. Siminti dutsen farar ƙasa ne da yumɓu. Ana niƙa su, a gasa su da wuta mai zafin digiri wajen 1450, a sake niƙawa. Masanin duwatsu ne yake faɗin inda dutse mai kyau yake. Masanin shimi yana auna haɗi, don kada gini ya tsage. Masanin fizik yana kula da zafin wuta. In kowanensu bai san komi ba cikin aikin ɗan uwansa, ba za su ji maganar juna ba.

Albasar Galmi ma haka take. Manomi ya sha wahalar ban ruwa, ya zuba albasa a rudu yana jiran ta yi kuɗi. Kafin lokacin wata ta ruɓe. Mi ya ruɓar da ita? Ƙwayoyin cuta ne, wannan ilimin masu rai ne. Zafi da danshi da rashin iska suna taimakonsu, wannan fizik ne. Takin ure in ya yi yawa, albasa ba ta jure ajiya, wannan shimi ne. Matsala guda, fanni uku. Haka ruwan baraj na Mozage da Zongo da ke shayar da gonakin Ƙonni, haka ramukan tasa da manoman Illela suke gina a fako.

Ina ake wannan karatu?

Babbar jami'ar ƙasa tana Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. An kafa ta a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin fizik haifaffen Tasawa, wanda ya yi aiki kan amfani da hasken rana, ya rasu a 1991. Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi ita ma tana da sashen kimiyya, kuma ta fi kusa. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa da karatun shari'a da tattalin arziki ta fara. Ta Maraɗi da ta Tawa duk a 2010 aka kafa su.

Abin da ya kamata uwaye su sani

Zaɓe tun a lise yake farawa. Yaron da ya yi seri A, ta harsuna da adabi, ƙofar kimiyya ta yi mashi nisa. Seri C da seri D ne suke kai mutum can. Don haka a je a ga malamai tun yaro yana ajin ƙarshe na kwalej, a tambayi ƙarfinsa a lissafi. Ɗiya mace ma a tambaya mata, lissafi bai san mace ko namiji ba.

Sannan karatun kimiyya daban, karatun likita daban. Likita yana da nashi sashe, shekarunsa sun fi yawa. Aikin gona ma yana da nashi.

Sauya fanni ya fi sauƙi a farko. Wanda ya yi nisa cikin ilimin tsiro, da wuya ya koma lissafi bai yi asarar shekara ba. Shekara guda a Yamai kuwa kuɗin ci ne da na kwana da na mota.

Lisans kuma ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Da yawa koyarwa suke shiga a kwalej da lise, inda ake neman malaman lissafi da fizik ido rufe. Wasu su nemi aiki a masana'anta ko wajen gina rijiyoyin burtsatse ko binciken noma na INRAN. Wanda yake son bincike sai ya ƙara shekara 2 na masta, gida ya sake shirin guzuri.