Tsakanin magani da guba, tazarar 'yar kaɗan ce



Bara na zuba buroila 200. A sati na huɗu mura ta kama su, na sayo tiamulin na zuba musu a ruwa daidai yadda aka rubuta. Bayan kwana biyu wasu suka daina ci, ƙafafunsu suka mutu, suna kwance ba sa iya kai wa ga ruwa. Kafin in ankara 31 sun tafi.

Da likitan dabbobi ya zo, buhun abinci ya fara dubawa. Ashe akwai salinomycin a ciki, maganin rigakafin kashin jini. Ana sa kamar giram 60 ne kacal a tan ɗaya na abinci, don in ya haura kaɗan sai ya lalata tsokar kaza. Shi kuma tiamulin yana hana hanta sarrafa shi, sai ya taru a jiki ya zama guba. Haka monensin ma yake. Shi ya sa ake barin kwana 7 tsakaninsu. Talo-talo kuwa, ko adadin da buroila ke ci lafiya lau yana iya kashe shi.

Magunguna ba ɗaya ba ne. Amprolium yana da sauƙi, ko ka ɗan zarce da wuya ka ga ɓarna nan take. Amma masu sulfa ba a wasa da su. Lokacin zafi, kamar Afrilu, kaza tana iya shan ninkin ruwan da ta saba. Awonka daidai ne, amma abin da ya shiga cikinta ya ninka, sai ƙoda ta taɓu.

Masu tarwada, ku ma a kula. Potassium permanganate kamar giram 2 ne a lita 1,000 in za a bar kifi a ciki. Ka ƙara da ka, sai ya ƙona sassan numfashinsu.

Abin da nake yi yanzu:
1. Ina karanta takardar buhu. In ba a rubuta ba, in tambayi mai abincin.
2. Na bar cokali da murfin gora, na sayi ƙaramin sikeli da sirinji.
3. Ina auna litar durom ko tanki kafin in haɗa.
4. Ba na gwama magani biyu sai likita ya ce.

Kar ganin kaji sun galabaita ya sa ka ƙara awo wai don su warke da wuri. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.