Maganaɗisu da Cutar Waswasi



Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya karanta Ahalari, ya ji hukuncin mai waswasi, wato mutumin da shakka ta zame masa jiki a cikin ibada, wanda aka umurta da ya yi watsi da abin da zuciya take raya masa, kada ya koma ya kawo abin da yake kokwanto a kansa. Tun kafin wannan ma, Abu Zaid al-Balkhi, masanin Khurasan wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya riga ya lissafa waswasi cikin cututtukan rai masu bukatar magani kamar yadda jiki yake bukata. Likitocin zamani suna kiran mai tsanani daga cikinsa OCD, kuma alamarsa biyu ce: tunani mai kutsowa ba da iznin mai shi ba, kamar tsoron najasa, ko zaton an bar ƙofa a buɗe, sa'an nan aikin da yake maimaitawa domin ya sami sauƙi, ya wanke hannu har fata ta tsattsage, ko ya yi ta sake alwala har liman ya sallame. Abin tausayi shi ne, galibi ya san babu hankali cikin abin, amma barinsa ya gagara. Ana ƙiyasin wajen mutum 2 cikin 100 za su gamu da wannan lalura a tsawon rayuwarsu.

Magani na farko sananne ne: ƙwayoyi irin su fluoxetine da clomipramine, da kuma horon da Victor Meyer ya bayyana a birnin Landan a 1966, inda ake kai mutum gaban abin da yake tsoro, a hana shi aikin da ya saba, har fargabar ta gaji don kanta ta kwanta. Sai dai jama'a masu yawa, duk da sun sha maganin bisa ƙa'ida, sun kuma jure wa horon, ba su samun sauƙin da zai ishe su, kuma saboda waɗannan ne aka waiwayi maganaɗisu.

Asalin hikimar tsohuwa ce. A 1831 Michael Faraday ya nuna cewa ƙarfin maganaɗisu, idan yana sauyawa da sauri, yana haifar da wutar lantarki a cikin abin da yake kusa da shi. A 1985 kuwa Anthony Barker da abokan aikinsa a birnin Sheffield na Ingila suka ɗora naɗin waya bisa kan mutum, suka sake masa wuta, sai ga hannu ya motsa, alhali ba a tsaga fata ba, ba a huda ƙashi ba. To, da yake hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a wajen masu wannan cuta akwai wata da'ira ta jijiyoyi, wadda ta tashi daga gaban ƙwaƙwalwa ta nutsa can ciki ta komo, mai aiki fiye da kima, tamkar mai gadin da ya ci gaba da busa usur bayan ɓarawo ya daɗe da tafiya, sai masana suka yi tunanin ko bugun maganaɗisu, in an maimaita shi kwana da kwanaki, zai daidaita ta.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da wannan hanya a 2008 domin ciwon damuwa mai tsanani, sa'an nan a watan Agusta na 2018 ta yarje wa kamfanin BrainsWay na ƙasar Isra'ila ya sayar da na'urarsa domin cutar waswasi. Ga yadda ake yi. Majiyyaci yana zaune a kujera, idonsa biyu, an toshe masa kunne saboda ƙarar ƙwanƙwasa, an kifa masa wata hula mai kama da kwalkwali. A fara auna ƙarfin da zai sa ƙafarsa ta motsa, a tsayar da ma'auni a kansa, sa'an nan a matsar da hular gaba. Ana sakin bugu 20 cikin kowace daƙiƙa, na daƙiƙa 2, a huta daƙiƙa 20, a sake, har a cika bugu 2,000 cikin kimanin minti 18, kuma haka za a yi ta yi kwana biyar a mako, har mako shida.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ake yi kafin a kunna na'urar. Da gangan ake tsokano cutar. Likita ya riga ya zauna da majiyyaci sun jera abubuwan da suke tayar masa da hankali, daga ƙarami zuwa babba, don haka mai tsoron ƙazanta sai a miƙa masa abin da yake ƙyama, mai shakkar kulle sai a tambaye shi ko ya tabbata ya rufe gidansa, kuma sai fargaba ta kai matsakaicin matsayi, da'irar nan ta farka tana aiki, kana a saki maganaɗisu a kanta. Ashe ko da na'ura, babu makawa sai mutum ya zauna da shakkarsa bai biya mata bukata ba, wanda kuwa shi ne ruhin horon Meyer, kuma bai yi nisa da abin da fuƙaha'u suka umurta ba.

To, mene ne sakamako? A gwajin da aka dogara da shi, wanda Lior Carmi da abokansa suka buga a 2019, an tara majiyyata kimanin 100 a cibiyoyi 11, aka raba su biyu, wasu aka yi musu na gaskiya, wasu na kwaikwayo, ba tare da sun san rabonsu ba. Kashi 38 cikin ɗari na rukunin farko suka sami sauƙi, a ɗaya rukunin kuwa kashi 11. Bambanci ne na haƙiƙa, ba a raina shi. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa abin da aka kira sauƙi a nan shi ne raguwar alamu da kashi 30 cikin ɗari ko fiye a ma'aunin tsananin cutar na Yale-Brown, wanda ba warkewa ba ne. Cewa fiye da rabi ba su kai ko wannan matsayi ba. Cewa kamfanin da ya ƙera na'urar shi ya ɗauki nauyin binciken. Kuma majiyyatan sun ci gaba da magungunan da suke sha tun da fari. Saboda ƙarancin hujja ne hukumar NICE ta Birtaniya ta yanke a 2020 cewa a taƙaita wannan magani ga fagen bincike tukuna.

Kada kuma a rikita shi da tsohon maganin nan na jona wa kai lantarki, wanda ake sa mutum barci dominsa: a nan mutum yana tashi ya koma harkarsa. Illar da aka fi gani ita ce ciwon kai da zafin fatar kai. Faɗuwa irin ta farfaɗiya tana yiwuwa, ko da yake nadiran ne, shi ya sa ake bincikar tarihin mutum tukuna, kuma ba a yi wa wanda yake da ƙarfe a cikin kai, kamar na'urar ji da aka dasa a kunne.