Koyon Saƙar Hannu a Ƙasar Karaye da Rogo: Matakansa da Inda Yake Yankewa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake koyon saƙar hannu a ƙasar Karaye da Rogo, watau saƙar gwado da mayafi da majanyi da luru da sauran tufafin ɗaka. Za a nuna cewa koyon saƙa hawa-hawa ne, kuma ilmin da ya fi kowane tsada a cikinta shi ake koyarwa a ƙarshe. Saboda haka, in almajiran sana'a suka riƙa tsayawa a tsakiya, wannan ilmi ne zai fara salwanta, ko da kuwa ana ci gaba da jin ƙarar ƙoshiya a zauruka.

2.0 Ƙasar da Tarihin Sana'ar

Karaye da Rogo suna yammacin Jihar Kano, kuma su biyun ne suka haɗu suka yi Masarautar Karaye bisa dokar da aka yi a 2024. Rogo ta yi iyaka da Jihar Katsina da ta Kaduna, watau tana cikin yankin nan na auduga da ya haɗa kudancin Katsina da arewacin Zazzau. Duk inda auduga ta samu kuwa, kaɗi da saƙa ba su nisa.

Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara da wuri miliyan 300, ya kuma ce suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Galibin aikin ba a cikin birni ake yinsa ba. Ƙauyuka ne ke noma da kaɗi da saƙa, garuruwa irin su Kura su rina su buga, fatake su kai Kasuwar Kurmi. Ko bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, masu sayen auduga don masaƙun Ingila sun sha wuya, domin masaƙan gida sukan fi su tayi. Al'amarin ya sake ne sannu a hankali, da yawaitar yadin kanti da kafuwar masaƙun zamani, tun daga ta Kaduna a 1957, daga bisani kuma kayan Sin masu araha suka cika kasuwanni.

3.0 Saƙar Maza da Saƙar Mata

Saƙa iri biyu ce a ƙasar Hausa. Ta maza a kwance take. Masaƙi yakan zauna, ya miƙa zaren tsaye gabansa da nisa, ya ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, watau abin da ake aza wa dutse don zaren ya yi tauri. Da ƙafa yake taka sandunan da ke ɗaga allera, bakin zare ya buɗe, ya jefa ƙoshiya, ya doka da matsefi. Abin da yake samu ƙwarya ce siririya mai tsawo, sai an ɗinka da yawa gefe da gefe kafin a sami mayafi ko luru.

Ta mata kuwa a tsaye take, a jingine da bango a cikin gida. Ba a taka komai, da hannu ake ɗaga zare, a kuma danne da akwasha. Ƙyallen yakan fito da faɗi, har guda ɗaya ya isa majanyi, biyu ko uku su yi gwado. Wannan ce saƙar da ta fi dacewa da gyale da kallabi da shimfiɗar gado, kuma mace tana iya yinta ba tare da ta fita ba.

4.0 Matakan Koyo

Mataki na farko shi ne sanin zare. Yarinya takan fara da taya uwarta gurza, watau raba auduga da angurya, sannan shiɓa, sannan kaɗi da mazari. A nan take gane bambancin zare mai murɗi, wanda zai jure ja a tsaye, da abawa mai taushi da ake ratsawa. Yaro kuma yakan fara da naɗa zare a kwarkwaro yana miƙa wa maigidansa. Aikin kamar aike ne, amma da shi yatsu ke koyon abin da baki ba ya iya faɗi.

Mataki na biyu shi ne zama kan masaƙa. Akan ba almajiri fari, wanda ba shi da ado, bayan an riga an shirya masa komai. Abin da ake nema gare shi biyu ne: dukan ya zama daidai, kada wani wuri ya yi ƙanƙam wani ya yi sako-sako, sannan bakin ƙwarya ya miƙe. Gwani da ya duba gefen ƙyalle ya san hannun wanda ya yi shi.

Mataki na uku shi ne wadari da lissafin ado. Wadari shi ne jera zaren tsaye a kan turaku, a auna tsawonsa, a ƙirga sili nawa na fari, nawa na baƙi, nawa na ja, sannan a zura kowane sili a allera da matsefi. Duk ratsin tsaye da za a gani a saƙi ko barage a nan ake ƙulla shi, tun ba a jefa ƙoshiya ko sau ɗaya ba. Kuskuren sili guda yakan bi ƙwarya daga farko har ƙarshe. Don haka maigida ba ya sakin wannan aiki sai ga wanda ya daɗe tare da shi, kuma lissafin ba a rubuce yake ba, a ka yake.

5.0 Inda Igiyar ke Tsinkewa

Matakin farko ya riga ya raunana, domin zaren kanti ya maye gurbin na mazari a wurare da yawa. Na biyu yana da sauƙin samu, ko a ɗan gajeren horo ana iya koyar da shi. Haɗarin yana ga na uku. Yaron da makaranta ko cin rani ko achaɓa ya ɗauke shi kafin ya kai ga wadari, ya iya saƙa amma bai iya fara ta ba. Ran da tsohon da ke yi masa wadari ya kau, sai ya jingine kayan aiki. Haka yarinyar da aka aurar gidan da ba a saƙa, tun uwarta ba ta nuna mata ƙirgen ado ba.

Tsarin ilmi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya yi tanadin koyar da sana'o'in hannu a makarantu. Amma sau da yawa darasin yakan tsaya ga zana masaƙa a allo da haddace sunayen sassanta. Sanin sunan allera dabam, zura mata zare dabam.

6.0 Shawarwari

Na farko, kwalejojin horon malamai su tura ɗalibansu garuruwan Karaye da Rogo su rubuta lissafin kowane ado daga bakin masu shi, da sunansa, da yankin ƙyalle a liƙe. Na biyu, a riƙa gayyatar gwanayen masaƙa, maza da mata, cikin makarantu a matsayin malamai, a kuma biya su. Na uku, a sauya jerin koyarwa, a shigo da wadari da wuri a kan ƙaramar masaƙa, tun da ɗalibin yau ba shi da shekarun da almajirin da yake da su. Na huɗu, a karkata ga abin da injin bai ƙwace ba, kamar majanyi da gwadon aure da gyale mai ado, waɗanda mai saye ke nema saboda aikin hannu ne.

7.0 Kammalawa

An ga cewa saƙa ilmi ce mai tsari, mai awo da lissafi, ba motsa hannu kawai ba. Kayan aikinta itace ne da gora, kowane masassaƙi yana iya sake su. Abin da ba ya sakuwa shi ne lissafin da ke kan tsofaffin masaƙa. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe; aikin tattara shi na malaman wannan zamani ne, tun masu shi suna raye.