Sayen Gida a Agege: Abin da Ido Ba Ya Gani

A wannan ɗan rubutu ina so in yi wa mai karatu bayanin yadda ake auna gidan da aka sa a kasuwa a unguwannin Hausawa na Legas, musamman Agege. A ganina, ginin da dillali zai fara nuna maka shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka damu da shi. Takarda ce a gaba, sai unguwa, sannan bulo da kwano.

Dalilin da ya sa na fara da takarda shi ne, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Wato ko wanda ke riƙe da takardar shaidar mallaka, wadda ake ce wa "Si-of-O", izinin zama aka ba shi, galibi na shekara 99, kuma idan zai sayar sai da amincewar gwamna. Don haka tilas mai saye ya ɗauki lauya, a je ofishin filaye da ke Alausa a Ikeja a bincika sunan wa ke kan gidan, kuma ko an jinginar da shi a banki.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne, da yawa daga tsofaffin gidajen Agege a kan filayen gadon Yarbawa suke zaune. A al'adarsu, wadda kotu ta amince da ita, filin dangi ba ya sayuwa sai shugaban dangin da manyan 'yan'uwansa sun yarda. Idan ɗa guda ya karɓi kuɗinka a ɓoye, gobe sauran za su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ɗaliban harshe za su so su riƙe kalmar "omo-onile". Ma'anarta a Yarbanci 'ya'yan masu ƙasa, amma a bakin mutanen Legas ta koma sunan samarin da ke tare mai gini su ce sai ya biya kuɗin harsashi, ya biya na rufi, wani lokaci har na haƙa rijiya. Abin ya yi ƙamari har jihar ta kafa dokar hukunta masu ƙwacen fili a 2016. Wannan rikici ne ya sa za ka ga an rubuta a jikin bango da jan fenti cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419. Gidan Bahaushe ma bai tsira ba: idan na gado ne, a tambaya ko an raba, kuma ko mata magada sun sa hannu.

Sai unguwa. Agege ta bunƙasa ne a gefen layin dogon da ya tashi daga Legas ya kai Ibadan a 1901, daga baya ya isa Kano, kuma cinikin goro da na shanu ne suka zaunar da kakanninmu a Zango. Har yau dogon nan shi ke ɗaga farashi, shi ke kayar da shi. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021, da jirgin cikin gari da ke zirga-zirga tsakanin Agbado da Oyingbo tun 2024, sun sauƙaƙa shiga da fita. Sai dai an rushe gine-gine kafin a yi waɗannan ayyuka, saboda haka gidan da ya matsa wa layin dogo ko babban titi abin tsoro ne, komai arharsa. A sa safiyo ya auna ya faɗi gaskiya.

Shawarata ita ce a je ganin gida a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya. Kwata ba ta ƙarya, kuma layin danshin da ke jikin bango zai nuna inda ambaliya ta tsaya, ko da an shafe shi da sabon fenti. A koma da dare a ji ƙarar janareta, a shaƙi iska idan kusa da mayankar Oko-Oba ne. A zauna da mai shayi na bakin layi, domin ya fi dillali sanin yaushe ake kawo wuta, shi kuwa dillali la'adarsa yake hange.

Akwai kuma batun da ba a cika son faɗa ba. Wanda ya tuna rikicin Idi-Araba na 2002 da na Mil 12 na 2016 ya san dalilin da ya sa Bahaushe ke yarda ya biya ƙari don ya zauna kusa da masallacin Juma'a da fadar Sarkin Hausawa. Ban ga laifin wannan lissafi ba, amma a haɗa shi da tambayar yadda mai gidan ya zauna da maƙwabtansa Yarbawa, tunda su ma za ka gada tare da gidan.

Ginin kansa, yawanci ɗakuna ne a jere suna kallon juna, da banɗaki da madafa a baya. A ƙirga 'yan haya, a san har zuwa yaushe kowa ya biya, domin fitar da ɗan haya a Legas sai da sanarwa, sau da yawa har da kotu.