Ko Ka Sani? Waya Ɗaya Ta Tsinke, Wata Mota Ta Ce Fal, Wata Ta Ce Ƙaf

Ko ka san cewa waya guda za ta tsinke a bayan mota, allurar gejin mai ta faɗi ƙasa warwas, amma irin wannan wayar ta tsinke a wata motar, allura ta haye har ta wuce F, tana shaida maka tanki ya cika alhali ko na zuwa gidan mai babu? Wannan shi ke ɗaure wa masu mota kai bayan an yi karo, musamman in ta baya aka dake su.

Geji dai ba ya ganin mai ko kaɗan. A cikin tanki akwai wata 'yar fulota mai yawo a saman fetur, kamar ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa a tankin bayan gida, an ɗaura ta a bakin wani siririn ƙarfe. In mai ya sauka ta bi shi, ɗaya bakin ƙarfen kuma ya goga a kan wani ɗan faranti da ke ƙara wa wuta turjiya ko ya rage mata. Turjiyar nan kaɗai allura ke karantawa.

To, a nan kamfanoni suka raba gari. Motocin General Motors na Amurka, daga 1965 har cikin shekarun 1990, turjiyarsu a ma'aunin om 0 ce in tanki ya bushe, 90 in ya cika. Ford na wancan zamani kuwa akasin haka: wajen 73 in babu mai, 10 in ya cika. Waya in ta tsinke, wuta ba ta da hanya, wato turjiya ta kai maƙura. Sai gejin General Motors ya ce mai har ya tumbatsa, na Ford ya ce ko ɗigo babu. Abin dariya, Ford ɗin ma daga 1987 sai ya juya akalarsa, ya koma 16 a bushe, 158 a cike. Tsofaffin Toyota irin tsarin Ford na farko suke bi, kuma ni a ganina shi ne na hankali. Gara geji ya tsorata ka ka je ka sha mai, da ya lallaɓa ka har tsakiyar daji inda ko ɗan bumburutu babu.

Shi ya sa gwanin wayarin ba ya fara da sauke tanki. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon wani yana duba tsohuwar motar da aka daka ta baya. Kujerar baya ya ɗage, ya kwance wani ɗan murfi, ya zare soket ɗin da ke saman tanki.

“Kai yaro, murɗa makulli, kada ka tayar. Ina allura take?”

“Tana ƙasa, Oga.”

Ya ɗauki guntuwar waya, ya haɗa wayar geji da ƙarfen jikin mota na ɗan lokaci.

“Oga, ta tashi, tana hawa!”

Ya dubi mai motar ya ce, “Alhaji, gejinka lafiya lau, wayarka ma haka. Aikin yana cikin tanki.” Da aka zaro fulotar, sai ga ƙarfenta ya lanƙwashe, ya maƙale a ƙasa. Da allurar ba ta motsa ba, da sai a koma kan fiyus da wayar da ƙarfe ya datse; ko ta motsa ma, a kan duba wadda ke mayar da wuta jikin mota, don ita masu ƙwanƙwasa kan mance su ɗaure. Wannan gwaji ba na kowa ba ne: wayar famfon mai tana cikin soket ɗin nan ɗauke da wutar batir, ga tururin fetur a kusa. Sababbin motoci kuma kwamfuta ce ke shiga tsakani, tana jan ƙafa da gangan don kada allura ta riƙa rawa a kan gargada, saboda haka mita da na'urar bincike suka fi dacewa da su.

Wani lokaci ma komai lafiya, tankin ne ya loɓa daga ƙasa, ya tokare fulota, sai geji ya ƙi sauka ƙasa da kwata har mota ta mutu. Haka in aka je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka aka ɗauko fulotar wata mota don kawai ta shiga ramin, ana iya ƙarewa da allurar da ke hawa yayin da mai ke ƙarewa.

Akwai kuma motar da ba ruwanta da duk wannan rigima. Volkswagen Beetle sai a farkon shekarun 1960 aka fara sa mata geji. Kafin nan wani ɗan hannu ne a kusa da ƙafar direba. In inji ya fara tari, sai ya ture shi da ƙafa, wajen lita 5 da aka ɓoye su buɗe, kamar rizab ɗin babur. Matsalarsa ɗaya ce: direban da ya sha mai ya mance bai mayar da hannun ba, ran da inji ya sake tari, sai turi.