Yadda Ake Aika Mayen Ƙarfe Ta Gidan Waya

Jama'a, kowa ya san mayen ƙarfe. Masu ilmi suna ce masa maganaɗisu. Da shi tela yake tsince allurarsa in ta faɗi cikin rairayi. Da shi masu sayen tsohon ƙarfe suke rarrabe baƙin ƙarfe da tagulla. Akwai shi kuma cikin lasifika da cikin injin babur.

Mayen ƙarfen da, ƙarfinsa kaɗan ne. Amma a shekarun 1980 aka ƙago wani iri, ana ce masa niyodimiyam. Guda biyu, kowane kamar goro, in sun fizgi juna suna iya matse yatsa har jini ya fito.

To, a ce ɗan'uwanka mai gyaran rediyo a wani gari ya roƙe ka ka aika masa da irin wannan. Kada ka jefa shi cikin ambulan kamar wasiƙa. Ga dalili.

Na ɗaya, zai manne a jikin mota ko injin gidan waya, ya keta takarda, ya ɓace. Na biyu, yana iya ɓata kayan mutane da ke kusa da shi, kamar agogo da katin banki. Na uku shi ne babba. A cikin jirgin sama akwai kamfas, watau tsinken da yake nuna wa matuƙi arewa. Mayen ƙarfe mai ƙarfi yana karkatar da tsinken nan, ya nuna ƙarya, alhali rayukan mutane suna cikin jirgin.

Saboda haka dokar jiragen sama ta duniya ta sa shi cikin kaya masu haɗari, ta ba shi lamba UN 2807. Ga yadda ake awonsa. A ajiye ƙunshin, a ja da baya ƙafa 7, a duba kamfas. In tsinken ya karkata fiye da digiri 2, ƙunshin ya shiga kaya masu haɗari, ba a aika shi waje cikin jakar wasiƙu. In ya karkata haka daga ƙafa 15, jirgi ba ya ɗauka sai da izinin hukuma. Mu tuna, kewaye ɗaya digiri 360 ne. Ashe digiri 2 ɗan motsi ne ƙwarai.

Yanzu ga yadda za mu ƙunshe shi.

1. In guda biyu ne ko fiye, a jera su gefe da gefe, kan wannan wajen gindin wancan, yadda za su riƙe juna. Haka ƙarfinsu ba ya bazuwa. A sa kwali a tsakaninsu.

2. A nemi akwati wanda ya fi su girma sosai. A sa su a tsakiya, a cusa tsumma ko kwali ko'ina har su kasa motsi. Nisa yana rage ƙarfin mayen ƙarfe da sauri.

3. In har yanzu yana ja, a kewaye cikin akwatin da fallen baƙin ƙarfe. Itace da roba da sanholo ba su tare shi. Fallen da mayen ƙarfe ya kama, shi ne mai amfani.

4. A rufe, a kanga ƙusa ko allura a kowane gefen akwatin. In ta manne, da sauran aiki.

5. A rubuta suna da adireshi baro-baro. Ga amfanin karatu ke nan.

In ka je gidan waya, ka gaya wa ma'aikaci gaskiyar abin da ke ciki. Ka tambaye shi ko ta mota za a kai, ko ta jirgi. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ɓoye, ya rubuta ƙarya, ya karya doka, kuma yana iya rasa kayansa.

Kafin ka aika, ka ajiye shi inda yara ba su kaiwa. Yaron da ya haɗiye ƙanana guda biyu, suna iya manne masa hanji su huda shi. In haka ta faru, sai asibiti nan da nan.

Tambayoyi

1. Don me ba a sa mayen ƙarfe cikin ambulan?
2. Daga ƙafa nawa ake duba kamfas?
3. Wane irin falle ne yake tare ƙarfinsa?