Neman shiga makarantar likita: ganawa ta koma kan allo

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, makarantun koyon aikin likita na Amurka da Kanada suka maida ganawa da masu neman shiga ta hanyar intanet. Annoba ta lafa, amma da dama cikinsu ba su koma ga tsohon tsari ba. Uba ya huta da kuɗin jirgi da na masauki. Wani nauyin kuwa ya hau kan ɗansa.

Akwai tsarin da jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro a farkon shekarun 2000, ya kuma yaɗu: gajerun ganawa bi da bi, kowace kamar minti 8, kowace da nata mai tambaya. Ba sunayen ƙasusuwa ake tambaya ba. Ana iya cewa: majinyaci ya ƙi shan magani, yaya za ka yi? Hankali da hali ake aunawa, kuma mai haddar amsa nan take ake gane shi. Saboda haka ɗalibi ya riƙa gwaji da aboki, da agogo a gaba, yana duban idon kamara, ba fuskar kansa ba. Haske ya kasance gabansa.

Mai ganawa daga nan gida ya kula da lokaci: ƙarfe 9 na safe a New York cikin Janairu, ƙarfe 3 na rana ne a Yamai. Ya cika batir saboda yankewar kuran, ya tanadi layi na biyu. Iyaye kuma su tsare masa ƙofa, domin baƙo mai sallama bai san ana jarrabawa ba.